Daga Anini Zuwa Naira Biyu: Yadda Ake Karanta Tsofaffin Sulalla

Duk wanda ya shiga kasuwar Sabon Tasha da ke kan hanyar Kaciya, a kudancin kogin Kaduna, ya sayi tumatir ko ma'aunin gari, da wuya a miƙa masa canjin da zai yi ƙara a aljihu. In akwai ragowa takarda za a ba shi, in kuwa babu ƙananan takardu sai a cika masa da alewa ko ashana. Yaran da aka haifa bayan shekarar 2010 da yawansu ba su taɓa sayen ko ƙwayar gyaɗa da kuɗin ƙarfe ba. Alhali kuwa sulallan da Babban Bankin Nijeriya ya fitar ranar 28 ga Fabrairu, 2007, wato kwabo 50 da Naira 1 da Naira 2, ba wata doka ce ta kashe su ba. Hauhawar farashi ce ta yi musu ritaya, domin babu sauran abin da za su iya saye.

A wasu ƙasashe akwai mutanen da suka mayar da binciken canji abin sha'awa, har ma da sana'a. A Amurka mutum yakan je banki ya karɓi sulalla a naɗe cikin takarda, ɗauri-ɗauri, ya zauna a gida yana warwarewa yana duba shekarun da aka buga su. Abin da ya fi nema shi ne 'yan santi 10 da santi 25 waɗanda aka buga kafin 1965, saboda kashi 90 cikin 100 na jikinsu azurfa ce. In ya gama sai ya mayar wa banki sauran. A Ingila kuwa ana farautar wani fani 50 na shekarar 2009 mai hoton hasumiyar lambun Kew, wanda guda 210,000 kacal aka sake a kasuwa. Irin wannan farauta ba za ta yiwu a bankunan Kaduna a yau ba, tunda ba a biyan kowa da ƙarfe. To amma canjin jiya bai ɓace ba. Yana nan cikin gwangwanayen madara da asusun ƙasa da aka manta ba a fasa ba, da ƙarƙashin adakar tsofaffi, da teburin tsohon mai shago, da ɗakunan ajiyar majami'u da masallatai inda aka taɓa tara baiko da sadaka. Unguwa irin Sabon Tasha, wadda ta tara tsofaffin ma'aikatan reluwe da na masaƙun Kakuri da na matatar mai da sojojin da suka yi ritaya, ba za ta rasa irin waɗannan gwangwanaye ba. Matsalar ita ce mafi yawan masu su ba su san abin da ke ciki ba. Wasu sukan auna wa 'yan gwangwan a kilo a narke, wasu kuma sukan ɗauka duk abin da ya tsufa dukiya ce, har 'yan damfara su sami ƙofar shiga.

Harshen ya riga ya ajiye tarihin

Kalmar kuɗi kanta jam'in wuri ce, wato ƙwanson nan na teku da aka yi ta ciniki da shi a ƙasar Hausa kafin zuwan Turawa. A 1904 gwamnatin Lugga ta hana shigo da wuri Arewa, domin ta buɗe wa kuɗin Ingila hanya. Sai dai kuɗin Ingila sun yi wa cinikin yau da kullum girma. Mai sayen daddawa ko ƙosai yana bukatar abin da bai kai kwabo ba, shi ya sa a 1907 aka buga wa Nijeriya nata ƙananan kuɗi, kwabo da anini, shi anini kuwa kashi ɗaya ne cikin goma na kwabo. An huda su a tsakiya yadda za a iya zura su a zare kamar yadda aka saba yi da wuri, aka sa musu tauraro mai tsini shida da ake kira hatimin Annabi Sulaimanu, aka kuma rubuta ƙimarsu da Turanci da harufan Larabci. Wannan tauraro shi ne ya hau tutar Nijeriya ta mulkin mallaka daga 1914.

Aninin farko yana da wani matsayi a tarihin kimiyyar ƙarafa wanda ba kowa ya sani ba. Da sanholo aka yi shi, wato alminiyam, kuma yana cikin kuɗin farko a duniya da aka yi da wannan ƙarfe don hada-hadar jama'a. Gwajin bai yi ƙarko ba, domin gumi da danshi sukan ci sanholo ya yi fari-fari ya rududduge, saboda haka a cikin 1908 aka koma gaurayen jan ƙarfe da nikel. Wanda ya tsinci anini mai shekarar 1907, marar nauyi kamar murfin kwalba, ya riƙe shi da kyau.

A 1912 aka kafa Hukumar Kuɗi ta Afirka ta Yamma, wadda ta riƙa yi wa Nijeriya da Gwalkwas, wato Gana ta yau, da Saliyo da Gambiya kuɗi iri ɗaya. Daga 1913 ta fitar da taro da sisi da sule mai hoton bishiyar kwakwar manja, da kuma fataka, wato sule biyu, wadda wasu ke kira dala. Hausawa sun raɗa wa kusan kowane mataki suna: ɗari ko sisin kwabo ga rabin kwabo, ahu ga kwabo ɗaya da rabi, nai ga kwabo tara. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fita daga Zariya a watan Janairu na 1939, ta ɗauko sunanta ne daga wannan kwabo mai huda, domin shi ne kuɗinta. Ita ma kalmar jaka da ake faɗi har yau daga nan ta samo asali. Bankuna da baitulmalin En'e sukan ƙunsa sulalla na fam 100 a jaka guda, wato sule 2,000, nauyin da ya haura kilo 11. Da aka sauya kuɗi aka ce sule goma shi ne Naira ɗaya, sai jaka ta zama Naira 200. Wannan jaka ita ce takwarar ɗaurin bankin Amurka a ƙasar nan, kuma a cikin irinta haraji da jangali suka riƙa tafiya daga gundumomi zuwa baitulmali.

Abubuwa uku da ake dubawa

Mai binciken tsohon sule yana bukatar haske mai kyau da gilashin ƙara girman abu da ɗan maganaɗisu, in da hali kuma da ƙaramin sikelin maƙeran zinariya. Abu na farko da zai duba shi ne shekara da sunan sarkin da ke jiki. Na biyu shi ne alamar maƙerar da ta buga shi. Na uku kuma, wanda ya fi ba da aiki, shi ne irin ƙarfen.

Sunayen sarakunan Ingila suna bin juna kamar haka a jikin kuɗin: Edwad na Bakwai har zuwa 1910, Joji na Biyar daga 1911 zuwa 1936, Joji na Shida daga 1937 zuwa 1952, sannan Sarauniya Elizabet. A tsakanin Joji biyun nan akwai wani da ya cancanci a tsaya a kansa. Edwad na Takwas ya hau gadon sarauta a Janairu 1936, ya yi murabus a Disamba na wannan shekara saboda matar da yake son aura, kafin a kai ga sakin kuɗi masu hoton fuskarsa a Ingila. Amma kuɗi masu huda ba su da wurin hoto, suna kawai ake rubutawa kewaye da ramin, don haka maƙeru suka riga suka buga anini da sisin kwabo da kwabo da sunansa aka aiko Afirka ta Yamma. Afirka ta Gabas da Fiji da Niyu Gini su ma sun sami irin nasu. Ke nan tsohuwa a Unguwar Boro tana iya riƙe da kuɗin sarkin da mutanen Landan ba su taɓa kashe kuɗinsa a ƙasarsu ba. Sai dai a nan ne ya kamata a yi hattara, domin an buga waɗannan da yawan gaske, kuma masu tara kuɗi sun ɓoye su tun suna sababbi. Labarinsu ya fi farashinsu nauyi, kuma wanda ya ce zai sayar wa mutum da kwabon Edwad a kan kuɗin mota yana neman wanda zai cuta ne.

Akwai wani sauyin rubutu da ke nuna siyasar duniya. Har zuwa ƙarshen shekarun 1940 ana ƙara wa sarki laƙabin Sarkin Sarakunan Indiya a taƙaice da Latin. Indiya ta sami 'yanci a 1947, kuma daga 1949 laƙabin ya ɓace daga kuɗin Afirka ta Yamma. Haka nan akwai kurakuran maƙera, waɗanda su ne masu tara kuɗi suka fi nema. Ana buga kowane sule ne tsakanin hatimai biyu na ƙarfe, ɗaya na gaba ɗaya na baya, to wani lokaci sai ma'aikaci ya haɗa hatimin wata shekara da na wata. Ta haka aka sami kwabo mai shekarar 1956 ɗauke da sunan Joji na Shida, sarkin da ya rasu tun Fabrairun 1952. Wanda ya san jerin sarakunan nan da shekarunsu zai gane irin wannan da kallo ɗaya, wanda bai sani ba kuwa zai zuba shi a sikelin mai gwangwan tare da sauran.

Alamar maƙera ƙaramin harafi ne da ido bai cika kamawa ba. Harafin H yana nufin kamfanin Heaton na birnin Barmingam, KN kuma kamfanin King's Norton da ke kusa da wannan birni, wanda babu alama kuwa galibi daga maƙerar gwamnati ta Landan ya fito. Amfanin alamar shi ne, a shekara guda wata maƙera tana iya buga miliyoyi, wata kuma ta buga kaɗan. Kwabo biyu masu shekara ɗaya da kamanni ɗaya suna iya bambanta ƙwarai wajen ƙaranci saboda wannan ɗan harafi kawai.

Ƙarfe ba ya ƙarya

Taro da sisi da sule da fataka na 1913 zuwa 1919 azurfa ce mai kyau, kashi 92.5 cikin 100. Bayan Yaƙin Duniya na Farko farashin azurfa ya yi tashin gwauron zabo, har ƙarfen da ke jikin sule ya nemi ya fi sulen daraja. A 1920 aka rage azurfar zuwa rabi, sannan a cikin wannan shekara aka bar ta gaba ɗaya aka koma ƙarfe mai ruwan ɗorawa, gaurayen jan ƙarfe da tutiya da ɗan kuza. Abin da ya biyo baya masana tattalin arziki sun daɗe da saninsa, suna kiransa ƙa'idar Gresham: idan kuɗi biyu suna da ƙima ɗaya a doka amma ɗaya ya fi kyawun ƙarfe, mutane sukan kashe marar kyan su ɓoye mai kyan. Sulallan azurfa suka shige tukwane, wasu suka tafi wurin maƙeran fari aka mayar da su zobba da mundaye da kayan adon doki. Shi ya sa samun su a cikin tarin canji ya yi wuya tun kafin a sami 'yancin kai.

Ido yakan ruɗu, domin gaurayen jan ƙarfe kashi 75 da nikel kashi 25 fari ne tas kamar azurfa, ko da yake mafi yawansa jan ƙarfe ne. Kwabo mai huda fari ba azurfa ba ne, kuma ba a taɓa yin sa da azurfa ba. Hanyar rarrabewa ita ce ta nauyi gwargwadon girma. Kowane santimita ɗaya mai kusurwa huɗu ta kowace fuska na azurfar kuɗi yana da nauyin giram 10.3, na gaurayen nikel kusan 8.9, na baƙin ƙarfe kusan 7.9, na sanholo kuwa 2.7 kacal. Ɗalibin sakandare yana iya gwada wannan da dabarar Arkimidis. A auna sulen a sikeli a rubuta. Sannan a ɗora ƙaramin kofin ruwa a kan sikelin a mayar da shi sifiri, a ɗaure sulen da siririn zare a nutsar da shi cikin ruwan ba tare da ya taɓa gindin kofin ba. Adadin giram da sikelin ya nuna shi ne girman sulen, domin giram ɗaya na ruwa yana cika santimita ɗaya. In aka raba nauyin farko da wannan adadi, amsar za ta faɗi ƙarfen. Azurfa kuma tana da amo mai tsawo in an ƙyasta ta, abin da 'yan kasuwar da suka sani sarai, shi ya sa suke buga sule a dutse kafin su karɓa. Bai kamata a yi wa tsohon sule mai kyau wannan gwaji a yau ba, saboda kowane bugu tabo ne.

Wani abin da ake yawan tsinta a kayan gado shi ne babbar dalar azurfa mai hoton wata mace mai jiki, Mariya Tareza ta Ostiriya, wadda fatake suka riƙa shigowa da ita ta hamada. Nauyinta giram 28 ne, azurfarta kashi 83 da 'yan kai cikin 100. Kusan kowacce tana ɗauke da shekarar 1780, amma wannan ba ya nufin a shekarar aka yi ta. Ita ce shekarar da sarauniyar ta rasu, kuma an ci gaba da buga dalar da wannan shekara a Biyana da wasu birane, har da Landan da Bombai, fiye da ƙarni biyu. Darajar mafi yawansu ita ce ta azurfar da ke jiki.

Kuɗin Nijeriya na kanta

Babban Bankin Nijeriya ya fitar da kuɗin ƙasa na farko ranar 1 ga Yuli, 1959. Kwabo da sisin kwabo suka ci gaba da hudarsu da tauraronsu, amma da tagulla. Sauran kuwa suka zama tamkar taswirar noman ƙasar: auduga a jikin taro mai gefe 12, koko a jikin sisi, ganyen kwakwa a jikin sule, gyaɗa a jikin fataka. Waɗannan su ne suka cika aljihun ma'aikatan masaƙar Kaduna, wadda ta fara aiki a Kakuri a 1957, da na waɗanda suka biyo bayanta.

Ranar 1 ga Janairu, 1973 aka koma Naira da kwabo. Sababbin sulallan su ne rabin kwabo da kwabo 1 na tagulla, da kwabo 5 da 10 da 25 na gaurayen nikel. Mutane ba su bar tsofaffin sunaye ba, kwabo 10 ya gaji sunan sule, kwabo 5 ya gaji sisi. Hotunan wannan jeri sun kama ƙasar a daidai lokacin da take juyawa. A jikin kwabo 25 ga dalar gyaɗa irin ta Kano, wadda ta ɓace cikin 'yan shekaru kaɗan bayan haka, a jikin kwabo 1 kuma ga hasumiyar haƙar man fetur. Mai duba na tsanaki zai lura cewa taken da ke ƙarƙashin tambarin ƙasa gajere ne a bugun farko, haɗin kai da imani kawai, amma a bugun ƙarshen shekarun 1980 an ƙara masa zaman lafiya da ci gaba.

A 1991 kwabo 50 da Naira 1 suka tashi daga takarda suka koma ƙarfe, na farko da hoton masara, na biyu da hoton Herbert Macaulay. A nan ne maganaɗisu yake da aiki. Sulallan 1959 da na 1973 ba sa kama shi, domin tagulla da gaurayen nikel ba su da wannan ɗabi'a. Na 1991 kuwa suna manne masa, saboda cikinsu baƙin ƙarfe ne da aka yi wa siririn rufi na jan ƙarfe ko nikel don a rage tsadar bugu. Da maganaɗisun tsohuwar lasifikar rediyo ana iya raba gwangwani guda gida biyu cikin minti ɗaya. Na 2007 su ne na ƙarshe, inda aka yi Naira 1 da Naira 2 da ƙarfe launi biyu, zobe a waje da ƙwaya a ciki, Naira 2 tana ɗauke da ginin Majalisar Tarayya. A 2012 Babban Banki ya shirya mayar da Naira 5 da 10 da 20 ƙarfe, amma aka dakatar da shirin bayan ƙorafin jama'a.

Wanda yake son ganin canji mai rai sai ya ƙetara zuwa Maraɗi. A Nijar sulallan sefa suna yawo har yanzu, ana lissafi da dala, wato faran 5, kuma ba abin mamaki ba ne a sami faran 100 na shekarun 1970 a canjin mai shayi. Sai dai gwajin maganaɗisu yana da togaciya a can, domin tsofaffin faran 100 da zallar nikel aka yi su, shi kuwa zallar nikel yana kama maganaɗisu ko da yake gaurayensa da jan ƙarfe ba ya kamawa.

Tsufa kaɗai ba ya sa tsada. Abubuwan da ke sa ta su ne ƙarancin abin, da yawan masu nemansa, da kuma lafiyar jikinsa. Kwabo 10 na 1973 da ya sha hannu an buga irinsa da yawan da ba zai taɓa yin wuyar samu ba, amfaninsa na koyarwa ne da tunawa. Shi ma wannan ba ƙaramin amfani ba ne, domin malamin tarihi ko na kimiyya a makarantun Sabon Tasha zai iya cika darasi guda da sulalla goma. Mai son kwatanta abin da ya samu yana iya ziyartar gidan tarihin kuɗi na Babban Banki da aka buɗe a Abuja a 2009.

Ɓarnar da ta fi yawa kuwa daga masu kyakkyawar niyya take zuwa. Da zarar mutum ya ga tsohon kwabo ya yi duhu sai ya ɗauko toka ko lemun tsami ko tsamiya ya goge shi har ya yi walƙiya. Duhun nan wata siririyar fata ce da ƙarfen ya yi sakamakon haɗuwarsa da iska, a jikin azurfa kuma da farar wutar da ke cikin iskar, kuma ita ce ke kare abin da ke ƙarƙashinta. Toka tana kankare fuskar ƙarfen ta bar ƙananan zane da gilashi ke nunawa, tsami kuma yana cinye ta, kuma masu saye sukan rage farashin sulen da aka goge ƙwarai da gaske. In ƙasa ce ta manne, jiƙawa cikin ruwa mai tsabta da shanyawa a kan tsumma mai laushi sun isa. Abin da ya kamata a ji tsoro shi ne kore mai haske mai kama da gari a jikin tagulla, wanda gishiri da danshi ke haddasawa, domin yana ci gaba da cin ƙarfen har ya huda shi, don haka a ware mai irin wannan daga sauran. A riƙa kama sule ta gefensa saboda gishirin gumi, a sa kowanne a 'yar ambulan ta takarda, a rubuta shekararsa da inda aka same shi da sunan wanda ya ajiye shi tun farko. A guji leda mai laushi, wadda kan yi gumi ta bar kore a jikin ƙarfe, musamman a daminar Kaduna daga Yuni zuwa Satumba, lokacin da danshi ke shiga har cikin adaka.